Kunyar Cikin Fari Da Kuɗin Haya

Yau labarin kaina zan ba ki, ko Allah Zai sa wata ta tsira daga kuskuren da na yi.

Ni 'yar Rogo ce, aure ya kai ni Ƙaraye. A shekarar 2014 ina aji biyu a Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano. Zuwa Kano kullum daga Ƙaraye ba zai yiwu ba, sai maigida ya kama mini ɗaki a gidan wata Hajiya mai ba ɗalibai mata haya, ya biya kuɗin shekara cif. Ba a jima ba na gane ina da juna biyu.

Kin san kunyar cikin fari. Na yi gum, ina ta ɓoyo cikin hijabi, alhali na san da ya kai wata 7 Inna za ta aiko a ɗauke ni goyon ciki, daga nan sai wankan jego. Sai ana jibi tafiya na durƙusa gaban Hajiya, na nemi kuɗin wata 5 da suka rage.

Ta ce, "'Yata, ai tuni na gani, bakinki nake jira. Da kin faɗa farkon zango, da masu neman ɗaki sun yi layi. Yanzu wa zan saka?"

Ranar na yi kuka, ina ganin an zalunce ni. Daga baya na koma darasinmu na fiƙihu, na ga ni ce ba ni da gaskiya. A mazhabar Malikiyya, haya mai wa'adi alƙawari ce da ta hau kan kowa, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarce mu da cika alƙawura. Ciki bai rushe ɗakin ba, balle in ce haya ta warware.

Amma shari'a ta bar ƙofofi biyu. Akwai iƙala, wato a warware ciniki da yardar juna, kuma hadisin Abu Dawuda ya yi wa mai karɓarta bushara da yafiyar Allah. Sannan ɗan haya na iya saka wani kamarsa a madadinsa. Ta ƙofa ta biyu muka fita. Bayan wata 2 wata ƙawata ta samo ɗaliba, Hajiya ta aiko mini da kuɗin wata 3 har Rogo. Sauran kuwa kunya ta cinye.

Don haka 'yar uwa, kafin a biya, a rubuta yadda za a yi in lalura ta taso, a sa shaidu. In rabo ya samu, kada ki jira. In bakinki ya yi nauyi, tura maigida ko yayarki su faɗa da wuri. Kunya ado ce, amma ba a wurin haƙƙi ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.