Hadarin Garwa a Fuskar Kwamfuta

A Garwa, arewacin Kamaru, hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, kuma ba ya jiran mai zane. Kafin ka feƙe fensir ya haɗo, ya gangamo bisa kogin Binuwai, iska ta turnuƙe gari da jar ƙura. Shi ya sa nake ganin zanen gaggawa a kwamfuta, wanda ake kammalawa cikin rabin sa'a, ya fi dacewa da shi.

Sai dai yawancin abin da ɗalibaina ke nuna mini samaniyar Turai ce suka kwaikwayo daga intanet: gizagizai farare tas, sai ka ce tarin audugar Sodecoton. Bahaushe kuwa ya raba gajimare, mai yawo haka kawai, da hadari, mai ɗauke da ruwa. Mukan ce hadari ya yi baƙi ƙirin, amma duk wanda ya zuba baƙi zalla ya kashe hoton. Cikinsa shuɗi ne mai duhu kamar rinin baba, gindinsa ja-ja saboda ƙura, gefensa da sauran hasken rana. Walƙiya ake sawa ƙarshe, zare ɗaya siriri. Cida kuwa, wato rugugin nesa, har yau ban ga wanda ya iya zana ta ba.