Sunan da Muka Laƙa wa Ɗan Unguwarmu

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe shi.

Shekarar da aka kai mu makarantar kwana a Gashuwa, mu uku ne daga unguwar Hausawan Dagona. Ɗayanmu maraya ne, a hannun mahaifiyarsa mai suyar kifi ya tashi. Tun yana ƙarami shi ke taya ta wanke tarwaɗa da hura wuta, shi ya sa ya iya girki, ga muryarsa siririya, in yana magana hannu na yawo. Ba mu yi sati biyu ba wani siniya ya kira shi "Hajiya". Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da riƙe ciki, don kada a tuna garinmu ɗaya.

Daga "Hajiya" aka koma "ɗan daudu", daga nan sai raɗe-raɗin wai yana neman maza. Babu wanda ya ga komai, kowa cewa yake an ce. Wani dare bayan an kashe janareta, manyan ɗalibai suka ja shi bayan ɗakin kwana suka zane shi da bel da wayar wuta. Ina kan gado ina jin yana kiran sunana. Na ja bargo na rufe kaina. Da safe malamin da ke kula da ɗakinmu ya ga shatar bulala a bayansa, abin da ya ce kawai shi ne, "Kai ma ka gyara tafiyarka." Da aka yi hutu ya dawo gida, bai sake komawa ba. Shi ya fi mu iya lissafi, amma yau bandar kifi yake yana kaiwa kasuwa.

Abin da ya tono mini wannan tsohon miki shi ne labarin Bichi a jihar Kano. A watan Yulin 2025, ɗalibai biyu suka rasu a makarantar kwana ta gwamnati bayan 'yan'uwansu ɗalibai sun yi musu duka, rahotanni kuma suka ce kan irin wannan zargi ne. Na tambayi kaina, mene ne bambancinsu da mu? Namu dai kwanansa ne ke gaba.

Na san abin da wani zai ce: addini ya haramta luwaɗi, Yobe na bin Shari'a, ga kuma dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. To, a cikinsu wanne ne ya miƙa wa ɗan shekara 17 bulala ya ce ya zama alƙali? Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa wanda ya jefi wani da wannan aiki ba shaidu, shi ne ya yi ƙazafi, hukuncinsa bulala 80. Suratul Hujurati kuwa ta hana izgili da mummunan laƙabi da zato da bin diddigin asirin mutane. Duk huɗun nan mun aikata su, muna ganin addini muke karewa.

Abin da nake roƙon makarantunmu ba mai tsada ba ne. A karɓe hukunci daga hannun siniyoyi baki ɗaya. Malami ya riƙa kwana kusa da ɗakin yara, domin ta'asar da dare ake yin ta. A ware malami guda mai riƙe sirri wanda yaro zai kai wa kuka ba tare da an karanta sunansa a asambuli ba. In babba ya tilasta wa ƙarami lalata, wannan zalunci ne, a kira iyaye da hukuma, ƙaramin kuma a kai shi asibiti, kada a haɗa shi da wanda ya cuce shi a kora. In kuwa zancen murya ce ko tafiya, wanda ya ƙirƙiri sunan shi ne mai laifi. Mu iyaye mu tayar da maganar a taron ƙungiyar iyaye da malamai, in yaro ya ce ba zai koma makaranta ba, mu tambayi dalili kafin mu ɗauko tsumagiya.

Kwanan baya na tarar da shi a bakin ruwa yana ɗaure kwalin kifi. Na ce, "Ɗan'uwa, daren nan na ji ka, na yi shiru. Ka yafe mini." Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce ya yafe tuntuni. Sai ya ƙara da cewa babban ɗansa zai gama firamare bana, amma shi kam ba zai kai shi makarantar kwana ba.