Turaren Abokin Ɗakina

Abokin ɗakina mutum ne marar hayaniya, yakan wuni bai ce uffan ba. Turarensa ma halinsa ya ɗauko. Sunansa Molecule 01, wani Bajamushe, Geza Schoen, ya fito da shi a 2006. Sinadarin ƙamshi ɗaya tak ke cikinsa, kuma bai ware mace ko namiji ba. Yayarsa da ta kawo masa daga Ingila, ita ma shi take fesawa.

Abin da ban sani ba, sau da yawa mai fesa shi ba ya jin ƙamshin, sai na kusa.

To, wata Alhamis za ni zance, na faki idonsa na ɗauki kwalbar. Na fesa, shiru. Na ƙara, shiru. Na ce ashe ruwa aka sayar wa baiwar Allah, na yi ta dannawa.

Da na dawo, ya ɗaga kai daga littafi, ya shaƙi iska, ya dubi kwalbar da ta yi ƙasa. Na tsaya jiran faɗa. Sai ya ce, "Malam, gobe sau biyu ya isa," ya koma karatunsa.

Har yau kunya ta hana ni sake taɓa kwalbar nan.