Mai Sana'ar Gida da Fom Ɗin Turawa

'Yar uwa mai karatu, duk macen da ke neman na kanta a cikin gidan aurenta ta san nawa take samu, ko da ba ta taɓa riƙe biro ba. Tambaye ta kuɗin buhun riɗi a kakar bara, ko nawa take bin matar mai unguwa, yanzu za ta zayyano miki har da canji. To amma akwai inda wannan lissafin na ka ba ya ci, shi ne a gaban fom ɗin neman biza. Shi fom ba ya jin rantsuwa, takarda kawai ya sani.

Ni haifaffiyar Birnin Kudu ce, aure ya kai ni Gwaram shekara ashirin da bakwai ke nan. Sana'ata uku. Ina sayen riɗi da gyaɗa da kaka in ajiye, ina matsar mai da ƙuli-ƙuli, sannan ina turke raguna don Babbar Sallah. Ƙanena ne ke shigar mini kasuwar Sara, ni kuwa ina daga ɗaki. Da wannan na aurar da 'ya'ya uku ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba.

A farkon 2025 saƙo ya zo daga Ingila cewa 'yar wajena, ta fari, tana da juna biyu. Mijinta ma'aikacin lafiya ne a can. A al'adarmu haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. Da yake zuwan ba zai yiwu mata ba, sai shawara ta tsaya a kan ni in je. Surukina, da yake akwai kunya tsakaninmu, bai iya gaya mini kai tsaye ba, ta bakin ƙanena ya aiko. Ya ce a gaya wa Umma tun daga yau ko kuɗin kwalbar mai ɗaya ne kada ya kwana a ƙarƙashin katifa, ya bi ta banki. A lokacin haihuwa saura wata takwas. Har na yi dariya, na ce wannan yaro da gaggawa yake.

Dalilinsa kuwa shi ne, fom ɗin bizar ziyara ta Ingila, wanda ake cikewa ta intanet, yana tambaya ne: ke ma'aikaciya ce, ko mai zaman kanki, ko ɗaliba, ko mai ritaya, ko marar aiki? Malamar makaranta abinta mai sauƙi ne. Ta kawo takardar albashi da wasiƙar hutu daga wajen aiki, shi ke nan. Mu kuwa wa zai rubuto mana wasiƙa? Ni ce shugaba, ni ce akawu, ni ce masinja. Da zarar kin zaɓi mai zaman kanta sai tambayoyi su biyo: mece ce sana'ar, nawa take kawo miki, nawa kike kashewa duk wata, nawa kika ware don tafiyar, wa zai biya wani abu a ciki, su wa ke ci a ƙarƙashinki. Kuma duk lambar da kika rubuta, wani Bature da bai san inda Jigawa take ba zai ɗora ta a kan takardar bayanan asusunki ya ga ko sun yi daidai.

Abu biyu yake nema ya gamsu da su. Na farko, kuɗin naki ne da gaske. Na biyu, kina da abin da zai dawo da ke gida.

Nan ne sana'a irin tamu take shan wuya, domin kuɗinmu ba ya zuwa wata-wata kamar albashi. Wata uku asusu yana hamma, sai bazara ta yi a fitar da riɗi, kuɗi su faɗo gaba ɗaya. Sallah ta matso a sayar da raguna, su sake faɗowa. Ga kwasar adashe. Mu a wajenmu wannan shi ne rayuwa, amma a idon mai duba takarda kuɗi mai yawa da ya shigo rana ɗaya babu bayani kamar na aro ne da aka zuba don a ruɗe shi. Saboda haka na sayi littafi mai bango na 'yan makaranta, autana ya zama magatakarda. Kowace shiga da rana da sunan kaya. Na sa aka buga mini rasit mai ɗauke da sunan sana'ata a Birnin Kudu. Ragunana goma sha ɗaya da aka sayar kafin Sallar Yunin 2025, kowanne da rasit ɗinsa, kuma na ce da ƙanena duk mai saye ya turo ta waya. Wani ikon Allah, wahalar takardun kuɗi da muka sha a farkon 2023, lokacin canjin Naira, ita ta koya wa har dillalan ƙauye taransifa, sai ga shi ta yi mini rana. Wanda ya nace sai tsaba kuwa, a ranar ake kai wa mai POS ya zuba a asusuna.

Na kuma yi wa sana'ar rajistar suna a hukumar CAC, na karɓi lambar haraji. Maigida da farko bai so ba. Ya ce, "Hajiya, ke da kanki za ki kai kanki wajen masu haraji?" Na ce, "Alhaji, ai wanda gwamnatinsa ba ta san da shi ba, ta wani ba za ta san shi ba." Ya yi shiru, washegari shi ya kai ni a mota. Takardar ba ita ke ba da biza ba, kar wani ya ruɗe ki, amma tana nuna ba jiya aka ƙirƙiro sana'ar ba. Shi ya sa rajistar da aka yi sati guda kafin cike fom ba ta da wani nauyi.

A nan zan ɗan tsaya a kan 'yan tsakiya, masu cewa kawo kuɗi mu gama miki komai. Ɗaya ya zo har zauren gidanmu. Ya ce mai ƙuli-ƙuli ba ta samun biza, shi zai mayar da ni daraktar kamfanin gine-gine a Kano, ya zuba mini miliyoyi a asusu na kwana goma, a buga takarda, ya kwashe abinsa. Na sa yara suka kai masa ruwa ya sha, na ce a ce masa na gode. Na san wata baiwar Allah, mai sayar da atamfa, da ta bi wannan hanyar a shekarar da ta gabaci tawa. Dokar Ingila ita ce wanda aka kama da takardar bogi ko bayanin ƙarya ana iya rufe masa ƙofa har shekara goma. Haka aka yi mata. Ɗanta yana can, jikokinta biyu sai dai ta gan su a waya. Mutumin da ya cike mata fom ɗin kuwa yana nan yana yawonsa, domin sunanta ne a kai, ba nasa ba. Kuma bizar ziyara idan aka hana, kuɗin da kika biya ya tafi, galibi babu ɗaukaka ƙara.

A watan Agusta muka zauna cike namu a wani shagon intanet a Birnin Kudu, ni da ƙanena da yaron shagon. Na kafa sharaɗi: kowace tambaya a karanta a fassara mini, kowace amsa a maimaita mini kafin a danna. Mun kwashe wuni. Akwai wajen sunan iyaye da ranar haihuwarsu. Mahaifina da aka haifa zamanin En'e, wa ya rubuta ranar? Sai da muka aika gida aka ɗauko tsohon fasfonsa na aikin Hajji. Sunana ma sai da aka bi shi harafi-harafi a fasfo da katin NIN da na banki, don mu mata wani wuri sunan uba ne, wani wuri na miji, wani wuri na gari. Da aka zo wajen wadda zan je gurinta, yaron ya ɗago kai ya ce, "Mama, yaya sunanta?" Ni da ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba tun da na haife ta! Ƙanena ya fashe da dariya, ya faɗa a madadina.

Wajen samu na shekara, abin da littafi ya nuna shi muka sa, bayan an cire uwar kuɗi. Da yawa a nan suke tuntuɓe, su rubuta ciniki a matsayin riba, sai lamba ta kumbura ta fi ƙarfin asusu. Tikitin jirgi surukina ne zai biya, haka muka rubuta, ya turo wasiƙar gayyata da takardun aikinsa da na gidan da suke haya. Sannan muka haɗa wasiƙa mai shafi ɗaya da Turanci, ana bayanin kowane babban kuɗi: wannan na riɗi ne, ga rasit, wannan na raguna, wannan adashen mutum goma ne, ga sunan watan kwasata. A ƙarshenta na sa a rubuta cewa ina da miji da yara biyu 'yan makaranta a Gwaram, kuma dole in dawo kafin kakar riɗi ta wuce, don a nan cinikina na shekara yake. Kuɗin fom a lokacin fam 127 ne. Muka tafi Abuja aka ɗauki hoto da zanen yatsu.

Kwana goma sha tara ban yi barcin kirki ba. Ran na ashirin amsa ta fito, an ba ni wata shida.

Can ɗin babu ganyen darbejiya babu tukunyar wanka, da butar lantarki muka yi ta fama, amma an yi arba'in lafiya, namiji ne. Matan unguwarsu 'yan Arewa sun yi ta roƙo in soya musu ƙuli-ƙuli su saya. Na soya na raba kyauta, don mai bizar ziyara ba ta da izinin sana'a a can. Surukina ya sake aikowa, wannan karon ta bakin matarsa, wai Umma ta ƙara ko wata biyu tunda biza ba ta ƙare ba. Na ce ta gaya masa sati takwas na rubuta musu. Na sauka Kano ranar Laraba, da Juma'a abokiyar zamana ta miƙo mini littafin da na bar mata, ta cika shafi goma sha huɗu, har ƙanena ya fara auno sabon riɗi.