A Ci Iri Ko A Shuka?

 Abin da muke so mu yi magana a kai ya taso ne daga cikin aji, ranar da muke koya wa 'yan aji biyar tarihin wahalar da ta auka wa Amurka daga shekarar 1929.

Mun gaya musu cewa a watan Oktoba na wannan shekara kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe, bankuna dubbai suka rufe da kuɗin mutane a ciki, har ya kai a 1933 cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aikin yi. Ana cikin haka sai fari ya sauka a jihohin Oklahoma, Kansas da Texas, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana rufe gidaje da ƙura. Manomi ya rasa ko ya zauna a gonar ubansa ya jira ruwa, ko ya ɗora iyali a tsohuwar mota ya nufi Kalifoniya inda ba wanda ya san shi. A 1934 gwamnati ta riƙa sayen shanun manoma da arha, waɗanda suka rame da yawa a harbe su a wurin. Samari kuwa aka kwashe su aikin shuka itatuwa a ƙarƙashin Shugaba Roosevelt, ana biyan kowa dala 30 a wata, amma dole ya aika 25 gida.

Da muka kai nan sai wata yarinya daga Katanga ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe su ma Turawa suna cin rani?" Ajin ya fashe da dariya. Mu ma mun yi dariya, amma da muka koma gida tambayar ta hana mu sakewa. Yarinyar ta gane abin da mu malamai muka tsallake: wannan tarihi da muke nema a ƙetaren teku yana nan a ƙofar gidanmu, a bakin tsofaffinmu, ba mu taɓa kawo shi aji ba.

Ƙasar Hausa ta san yunwa har ta raɗa mata sunaye. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta wajen 1927 ana ce mata 'Yar Buhu, ta 1942 kuma 'Yar Gusau, don a can mutane suka riƙa zuwa neman hatsi. Amma wadda iyayenmu suka fi ba da labari ita ce ta farin 1972 zuwa 1974, zamanin Janar Gowon, sai kuma ta 1984. Kafin ta 1984 ɗin, ciwon bushiya ya riga ya kashe shanu masu yawa a 1983. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin kuɗi ta kuma rufe kan iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Ga mutanen da suka saba ciniki da Nijar da Binin tun kaka da kakanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin ba a yi Jihar Kebbi ba tukuna, muna cikin Jihar Sakkwato ne, sai a watan Agusta na 1991 aka raba.

Mahaifiyarmu ta sha gaya mana yadda aka yi a gidanmu a ƙarshen ranin da ya biyo bayan farin 1984. Rumbu ya ƙare tun kafin Ista. Abin da ya rage shi ne 'yan dammunan gero da mahaifinmu ya rataye a rufin ɗaki don iri. Ana cin tafasa da yaɗiya da ɗan garin rogo da aka auno a kasuwar Jega, yara ƙanana suna kuka da dare. Ta ce ba ranar da ba ta ɗaga kai ta dubi geron nan ba. In an sauke shi an daka, yara za su ƙoshi na mako biyu. In an bar shi, akwai abin shukawa, amma ba wanda ya san ko ruwan zai zo, tunda bara ma an shuka ya ƙone. Ta roƙi mahaifinmu, ya ƙi. Suka yi kwana uku ba sa magana. A rana ta huɗu ya ɗauki kekensa, wanda shi ne kaɗai abin hawansa zuwa majami'a da kasuwa, ya kai ya sayar, ya dawo a ƙasa da buhun dusa da ɗan hatsi a ka.

Ba kowane gida ne ke da keken sayarwa ba. Akwai waɗanda suka ci irin nasu, kuma ba wanda ya isa ya zarge su. Akwai waɗanda suka jinginar da gona a kan kwano kaɗan na dawa, har yau jikokinsu ba su fanshe ta ba. Akwai magidanta da suka tafi cin rani Ikko da Ibadan, wasu suka yi ta aiko da kuɗi, wasu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Akwai Fulanin da suka sayar da saniya a kan abin da bai kai kuɗin akuya ba, gudun kada ta mutu a hannunsu. Wani dattijo Musulmi maƙwabcinmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya ci nasa irin, da ruwa ya sauka mahaifinmu ya raba wanda ya ɓoye gida biyu ya ba shi rabi. Bayan shekaru, lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwo da damina, 'ya'yan dattijon nan ne suka nome mana gona.

Wannan mun ji ne a baki. Wanda muka gani da idonmu shi ne na zamanin SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986. Darajar naira ta faɗi, taki ya yi tsada, magani ya yi tsada, kuɗin makaranta da na littattafai suka hau. A 1993 mu biyu muka isa shiga sakandare a gidanmu, mu da yayarmu mace, wadda aka jinkirta mata har muka kamo ta. Ta fi mu ƙoƙari, musamman a lissafi, wannan kowa ya sani. Kuɗin da ke hannu na mutum ɗaya ne. Iyayenmu suka yi shawara da dare suna zaton mun yi barci. Da safe aka ce mu ne za mu tafi, ita za ta jira baɗi. Baɗin nan ba ta zo ba. Ita ce ta riƙa soya ƙosai a bakin hanya tana ƙulla kuɗi a gefen zane tana ba mu duk ranar komawa makaranta.

Mun daɗe muna tambayar kanmu ko iyayenmu sun yi daidai. Gaskiya ita ce, an zaɓe mu ne don mu maza ne, ba don mun fi cancanta ba, kuma wannan ba adalci ba ne. Amma ba ma iya yi musu hukunci da zafi, domin ba mu ne muka riƙe kuɗin mutum ɗaya a gaban 'ya'ya biyu ba. Abin da muka sani shi ne takardar shaidar malanta da muke ci da ita yau, rabinta na yayarmu ne. Daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata don kada karatun ya ɓace mata, yanzu kuma ita ke riƙe musu lissafin kuɗi. 'Ya'yanta mata duka suna makaranta, mun ɗauki wannan a kanmu, ba don alheri ba, bashi ne muke biya.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan hali ba. A littafin Rut, yunwa ce ta fitar da Elimelek da Na'omi daga Baitalami zuwa Mowab, aka tafi su huɗu, Na'omi ta dawo ba miji ba 'ya'ya. A 1 Sarakuna sura 17, gwauruwar Zarefat tana da ɗan gari da ɗan mai na cin ƙarshe lokacin da annabi Iliya ya roƙe ta abinci. A Farawa sura 41, Yusufu ya tara hatsi a shekarun ƙoshi bakwai saboda na yunwa bakwai. Darasin da muke gani a nan shi ne, masu tsoron Allah ma suna shiga tsaka mai wuya, kuma sau da yawa taimakon Allah ta hannun mutum yake zuwa.

Ba don tuna baya kawai muka kawo wannan ba. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a sassa da yawa na Jihar Kebbi. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, mai albasa a Aliero yana da kaya ba mai saye da kuɗi a hannu. A ranar 29 ga Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Maiyama zuwa Jega ya haura. Mu da ke kiran sunaye kowace safiya mun san kujerun da suka zama wofi bayan hutu, kuma mun lura yawancinsu na 'yan mata ne. Wato shawarar da aka yi a ɗakin iyayenmu a 1993 ana nan ana yin ta a wasu ɗakuna.

Saboda haka muna da roƙo uku. Ku ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku zauna da kakanninku ku tambaye su abin da suka ci da abin da suka sayar a 1973 da 1984, ku rubuta ku kawo mana, za mu karanta a aji. Ku kuma tambayi kanku wa aka hana don a ba ku, sa'an nan ku yi karatu yadda ya dace da wannan. Ku iyaye, in abu ya yi tsanani, kada ku cire yaro a ɓoye don kunya. Ku zo ku yi magana da shugaban makaranta ko Fasto tun da wuri, kuma kada 'ya mace ta zama ita ce ta farkon sadaukarwa kullum. Mu kuma malamai da 'yan Ikkilisiya, muna ba da shawara kowane gida ya keɓe mudu ɗaya ko biyu lokacin kaka, bayan baikon godiya, a tara a sayar don kuɗin makarantar yaran da iyayensu suka gaza. Da yawa ba a nema, a dai fara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba iyayenmu hikima a ranar da zaɓi ya yi musu wuya, ya kuma sa waɗanda suka kammala karatu bana su tuna da waɗanda suka bari a gida. Amin.