Ranar da muka jefa faifai a gindin aduwa

 Yau labarin wasa muka kawo muku. Wadda za ta yi dariya ta yi, mu ma mun sha tamu.

Ɗiyar ma'ajiyarmu ce ta jawo. Tana karatu a Damagaram, ta zo hutu, ranar zubi ta zauna bakin tabarma tana latsa waya. Da aka rufe akwati aka danna kwaɗo ukun nan, sai ta ce: "Inna, ku zo ku ga Turawa suna wasa da faifai." Muka leƙa. Wallahi faifai ne, na roba, faɗinsa kamar taƙi ɗaya. Mutum zai tsaya a lambun gari, wanda kowa ke shiga, ya wurga shi zuwa wani kwandon ƙarfe da aka kafa a kan sanda, sarƙoƙi suna reto a samansa don su tare faifan ya faɗa ciki. In bai shiga ba, sai ya je inda ya faɗi ya sake jifa daga nan. Kwanduna 9 ne ko 18, ana bin su ɗaya bayan ɗaya, wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci. Golf na faifai ake ce masa. A Amurka aka fara kafa filinsa, a garin Pasadena, a 1975. Akwai kuma gajerun filaye na sabbin shiga, inda jifa uku kan kai mutum kwando.

Tsohuwar cikinmu ta taɓe baki: "Faifai za a nuna wa mutumin Gure? Ga goruba har ta ishe mu, ga kaba." Aka kwashe da dariya, ita ce ta farko da muka yi a taro cikin makonni.

Dalili kuwa, akwai abin da ya tsaya mana a wuya. Wata ƴar uwarmu ta ɗauki bashin jika 15 don jarin ƙosai. Mai gidanta ya kwanta ciwo, jarin ya tafi wajen magani. Mako biyar ba ta zo taro ba, ko a hanyar kasuwa ta hango ɗayanmu sai ta sake lungu. Kun san yadda abin yake. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ke cikin akwati guminmu ne, babu wani na waje da zai cike giɓi. Wasu suka ce a cire ta, a riƙe zubinta. Wasu suka ce haba, shekara nawa muna tare. Shugabarmu ta je gidanta sau biyu, ana cewa ba ta nan, ga takalminta a ƙofar ɗaki.

Muka sa rana, bayan la'asar, a filin bayan makaranta. Mu 24 ne a ƙungiya, 11 suka zo. Wasu mai gida bai yarda ba, wasu sun ce me za a ce, mata da jikoki suna jife-jife a waje. Ba mu ga laifinsu ba, mu ma da kunya muka fita.

Wuri biyar muka zaɓa: gindin aduwa, dogon yaro biyu, wani kututture, da turmin da aka mirgino daga maƙwabta. Tsakanin kowane da na gaba taki 30 zuwa 40. Kwando huɗu muke da shi, sai shugaba ta ce wa yarinyar: "Je ki gidan Yayarki wance, ki ce muna aron babban kwandonta." Mun gane, amma ba wadda ta ce uffan.

Faifan kaba dai ya ba mu kunya. Iskar hunturu ta ɗauke shi, ya yi sama, ya dawo ta bayan wadda ta jefa. Murfin bokitin roba ne ya ceci wasan, shi yana da ɗan nauyi. Muka lura kuma ba ƙarfi ake so ba. A riƙe shi a kwance, a saki daga wuyan hannu, kamar mai bakace. Tsohuwar nan da ta raina abin, ita ta fara sa shi a kwando da jifa uku, ta yi guɗa da kanta.

Muna wuri na biyu sai ga ƴar uwarmu da kwando a ka. Da kanta ta kawo. Ta ajiye za ta juya, shugaba ta miƙa mata murfi: "Ƙanwata, layinki ne." Ta jefa, ya karkace ya faɗa tsakiyar ƙarangiya. Ta ce a bari ta sake. Yarinyar ta ce: "A'a Yaya, doka ce, daga inda ya faɗi." Haka ta tattare zane ta shiga. Jifa takwas ta yi kafin kwando, muna ƙidaya mata da ƙwallon dabino, mu biyu kuma muna cire mata ƙaya a gefen zane.

Tsakanin kututture da turmi suka ja baya, ita da shugaba da ma'ajiya. Ba mu ji duka ba. Daga baya aka gaya mana ta ce tana da jika 4 a hannu, saura kuma dala ɗari-ɗari duk mako, in za a karɓa.

Mako na gaba ta zo, ta zauna can ƙarshen tabarma, ta ajiye kuɗin. Maganar tarar mako biyar kuwa har yanzu ba mu gama ta ba. Dokarmu ta ce a biya, kuma waɗanda suka taɓa biyan tara lokacin da su ma suke cikin wahala suna da gaskiyarsu. An ɗage zuwa taro na gaba. Ƙungiyar da ta taɓa warware irin wannan ta aiko mana da yadda ta yi.

Wasa kuma mun mai da shi sau ɗaya a wata. Wadda za ta zo ta taho da murfinta, ta sa takalmi rufaffe, don ƙarangiyar bayan makaranta ba ta san girma ba.