Shekarar da Ciyawa Ta Cinye Gonata

Ni malamin makarantar firamare ne, ina kuma noma kamar kowa a ƙauyenmu. Akwai shekarar da na ɗauki kaya fiye da ƙarfina. Ni ne magatakardan ikilisiya, ni ne mai koya wa mawaƙa, ni ne kuma mai rubuta wa jama'a wasiƙa. Duk wanda ya zo da roƙo sai in ce, "To." Ina fita gari bai gama wayewa ba, in dawo yara sun yi barci. A raina ina cewa aikin Ubangiji nake yi.

Da damina ta faɗi na shuka dawa a kan kari, amma noman fari ya makara mako 3. Kullum ina cewa gobe. Kafin in shiga gonar, ciyawa ta kere dawa. Da kaka na sami dami 11 a inda na saba samun 30. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Ƙaramar 'yarmu ta yi kwana 3 tana zazzaɓi ban sani ba, sai maƙwabci ne ya kai ta asibiti a kan kekensa. Daren nan uwargidana ta ce mini, "Malam, ikilisiya tana da magatakarda, amma gidan nan ba shi da maigida." Na rasa amsa.

Na kai kukana wurin wani dattijon ikilisiya. Na ce, "Baba, lokaci ne ba ya isa ta." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, awa 24 ɗin da Allah ya ba ka, ita ya ba ni. Ba a tauna taura biyu, kai kuwa ka cusa huɗu a baki." Sai ya sa na buɗe Fitowa sura 18, inda Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma. Yetro ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'a duka, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan mutum 1,000, da 100, da 50, da 10. Dattijon ya ce, "In Musa ya raba aiki, kai wane ne?"

Na miƙa wa wani saurayi koyar da waƙa. Abin kunya, ya fi ni iyawa. Sa'an nan na kafa wa kaina al'adu huɗu.

Ta fari, ina tashi da ƙarfe 5 in yi addu'a, in karanta sura ɗaya cikin Karin Magana. Littafin yana da sura 31, don haka kwanan wata shi yake gaya mini inda zan buɗe.

Ta biyu, kafin in kwanta ina rubuta ayyuka 3 na gobe a bayan tsohon ambulan, ba fiye da haka ba. Wanda raina ya fi ƙi, da shi nake farawa.

Ta uku, da damina ina shiga gona da ƙarfe 4 bayan an tashi makaranta, in nome kunya 10 in dawo. Kunya 10 ba ta da yawa, amma a kwana 6 ta zama 60.

Ta huɗu, tuwon dare a gida nake ci. Bayan an wanke hannu mukan yi waƙa ɗaya, yaro ɗaya ya karanta aya, mu yi addu'a. Minti 10 ne kawai, amma a nan nake jin wanda aka doka a makaranta da wanda takalminsa ya tsinke. Ran Lahadi kuwa, in an taso sujada, fartanya da alƙalami duk suna hutawa.

Ba zan ɓoye muku ba, na sha faɗuwa. Akwai makon da aka yi rasuwa a dangi, duk tsarin ya rushe. Dā sai in ce abin ya gagara. Amma na tuna da manna a jeji. Kowace safiya ake tattara ta yini ɗaya, wanda kuma ya ajiye ta ta kwana sai ta yi tsutsa, in ba daren Asabar ba. Haka lokaci yake. Na jiya ba ya ajiyuwa, na gobe bai sauko ba tukuna. Sai na tashi washegari na sāke farawa daga surar ranar.

Da kaka ta zagayo rumbunmu ya cika. Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne wata yamma da na ji 'yar nan tana gaya wa ƙawarta, "Zan tafi gida, yanzu Baba zai dawo." Ta san lokacin dawowata.

Ɗan'uwa mai karatu, kada ka ɗauki huɗun nan gaba ɗaya. Zaɓi guda, ka gaya wa iyalinka domin su riƙa tuna maka, ka riƙe ta wata ɗaya kafin ka ƙara wata. Ubangiji ya taimake mu mu yi aminci a cikin ranar da ya ba mu.